Kashin Baƙo

Malama Souwaiba na da yara fiye da sittin a ajinta na lakwal, wato makarantar boko, ta unguwar Dagmanet, kuma ta san kan kowa. Aissa sai da waƙa take riƙe lissafi, Garba kuwa in ba ka tara masa tsakuwa ba, ka yi magana da bango. Chaibou ne kaɗai ya gagare ta.

Yaron daga Ingall aka kawo shi wurin kawunsa. Tarawa da ɗebewa yana yin su kamar shan ruwa, amma da an zo rabawa sai ya faɗi ƙasa warwas, kullum amsarsa ta gaza. Babansa kuma ya aiko cewa in ya faɗi jarrabawar bana, ya komo gida kiwon raƙuma. Abin ya dami Malama ƙwarai, don yaron na son karatu.

Ran nan ta ajiye alli, ta zo da dabino. Ta ƙirga ashirin, ta kira yara huɗu, ta ce Chaibou ya raba musu. Ya durƙusa da natsuwa irin ta manya, ya yi kashi biyar, ya miƙa wa kowa huɗu-huɗu, ya tura na biyar gefe. Garba, da yake ba ya wasa da cikinsa, har ya fara miƙa hannu.

Malama ta tambayi Chaibou na wane ne wancan.

"Na baƙo ne, Malama. Kakata ta ce ba a raba abinci a mance da wanda ke kan hanya."

Ashe duk watannin nan yaron daidai yake rabonsa, mutum guda yake ƙarawa. Malama ta yi dariya har da hawaye. Ba ta ce kakarsa ta yi kuskure ba, wa zai fara? Sai ta ce masa a lissafin lakwal baƙon ya riga ya iso, yana zaune cikin huɗun. Chaibou ya dubi yaran ɗaya bayan ɗaya, ya zaɓi Garba a matsayin baƙo, ya sake rabo. Biyar-biyar.

Ya ci jarrabawa. Da aka komo hutu ya zo da dabinon Ingall cike da jaka, ya raba wa ƴan aji, ya ware kashi guda ya ɗora kan teburinta.

"Wannan karon baƙon bai iso ba tukuna, Malama. Ki riƙe masa."