Ranar Ɗora Gungumen Rufi

Duk wanda ya san makarantarmu ta ƙauyen Doujiagou, can kan tsauni, a da, ya san rufe ta ya fi alheri. Aji biyu ne na laka, rufi yana yoyo, an toshe tagogi da kwali. Ni kaɗai ce malama, ni ce mai shara, ni ce mai dafa wa yara dankali da rana.

Lalacewar nan kuwa daɗi take min. Darakta Pang na ofishin ilimi ya riga ya yi min alkawari: za a rufe makarantar, a kwashe yaran zuwa ta babban gari, ni kuma a mayar da ni birni. Can mijina yake, can 'yata Xiaohe take. Na bar ta wurin kakarta tana rarrafe, yanzu ta kai shiga makaranta, kuma in na je hutu sai ta ɓuya bayan ƙofa tana leƙena.

Ana haka sai ga 'yan ƙungiyar agaji daga bakin teku, da fararen takalmansu. Suka ɗauki hoton kowace ɓaraka, suka tafi. Kafin a girbe alkama an jibge bulo a tsakar makaranta, an kafa famfo, bango ya tashi.

Na je na sami Darakta Pang a ofis. Na ce, "Ranka ya daɗe, ina maganarmu?"

Ya hura shayinsa, ya ƙi kallona. "Malama Qiao, ki yi min adalci. Baƙi su gina, ni in je in sa kwaɗo? Da wane ido zan kalle su? Muddin akwai yaro ko ɗaya a ciki, makaranta tana nan. Kuma wa zai yarda ya hau tsaunin nan in ba ke ba?"

Ranar da za a ɗora babban gungumen rufi, ƙauyen kaf ya fito. A wajenmu kafinta yakan hau sama da kwandon burodin mantou, ya fara jefo babban curi, mai gida ya cafe da jan ƙyalle. In ya taɓa ƙasa, gidan ya shiga baƙin jini ke nan, ko akuya ba a ɗaurewa a ciki.

Baba Dou, mai garinmu, ya miƙo min ƙyallen.

Na ce, "Baba, ni baƙuwa ce. A ba ɗan gari."

"Baƙuwar da ta san mai fitsarin kwance a kowane gida? Riƙe, 'yata, kada ki sa in tsufa a tsaye."

Na tsaya ƙarƙashin gungumen, ƙyalle a buɗe, sai dabara ta faɗo min. In burodin nan ya faɗi, babu uwar da za ta turo ɗanta ƙarƙashin wannan rufi. Ajujuwa za su zama fayau, Darakta Pang ya sami hujjarsa, ni in tafi gida. Ba ma wanda zai zarge ni, don tun safe kafinta Meng yake warin giyar dawa, ga kuma iska. Abin da ake so kawai in tsaya inda nake. Na kuma ƙudura zan tsaya.

Meng ya rera addu'arsa, ya jefo, jifan ɗan maye, can gefe wajen tulin yashi. Na ji iyaye mata sun ja numfashi a tare. Yaran da suka kwana biyu suna rigimar wa zai zauna kusa da sabuwar taga suka zuba min ido.

Ban san lokacin da na ruga ba. Na faɗi a kan gwiwoyina, wando ya yage, amma burodin yana cikin ƙyalle, da ɗuminsa.

Aka kunna abin wasan wuta mai tartsatsi, aka yi ta watso alawa daga sama. Baba Dou ya ɗago ni yana dariya, ya ce wa jama'a, "To, makaranta ta yi uwa." Ban taɓa jin haushin kaina irin na ranar ba, ban kuma ga wanda zan huce a kansa ba.

Da aka watse na hau tudun bayan famfo, inda waya take kamawa, na kira mijina. Na ce ya sa Xiaohe a makaranta can, ya kai ta da kansa ranar farko. Kada su jira ni.