Awa Huɗu Kafin Ya Fito

Tun ranar da aka manna mata jar takarda a katin awo, Auta ta kasa zama wuri ɗaya. Ta hau keken ɗinki ta sauka, ta ɗauki almakashi ta ajiye, ta buɗe jakar haihuwa ta sake ninke abin da ta ninke jiya.

Cikinta na uku ne, ya shiga wata tara. A asibiti an goga mata auduga an kai gwaji, da sakamako ya fito nas ta zaunar da ita.

"An sami wata ƙwayar cuta, GBS ake ce mata. Mata da yawa na ɗauke da ita lafiya lau, kuma ba daga miji ake samu ba, kar ki je ki tayar wa bawan Allah hankali. Jariri muke ji wa, yana iya kwasa wajen fitowa. Da naƙuda ta fara, ko faya ta fashe, ki taho. Za mu sa miki magani ta jijiya, muna so ya yi awa huɗu a jikinki kafin ya fito."

Awa huɗun nan ce ta hana Auta sukuni, don 'ya'yanta biyu duk a gurguje suka zo. Ga kuma Mama, mahaifiyarta, da ta taho zaman jiran haihuwa. A gidansu ba a zuwa asibiti sai naƙuda ta nuna sosai. Yayar Auta ta taɓa garajen tafiya aka koro ta gida sau biyu, har yau ana tsokanarta.

Ranar Talata da hantsi, Auta na yankan rigar makaranta, ta ji ɗumi ya bi ƙafarta. Ba ciwo ko kaɗan.

"Mama, faya ta fashe."

Mama ta leƙo daga kicin. "Marar fa?"

"Shiru."

"To ina za ki? Ki yi wanka, ki sa wani abu a cikinki. Bakwai na haifa, ba a taɓa koro ni ba."

"Nas ta ce in taho nan take."

"Nas ɗin nawa ta haifa?"

Auta ba ta saba musu da Mama ba. Ta shiga wanka ta fito, ta kira maigidan, direba ne, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta zauna bakin gado ta miƙe. Ta leƙa titi, ta dubi agogo, ta karɓi kofin shayi ta ajiye a kan keke. Kusan awa guda ta tafi a haka. Sai ta saɓi jakar.

"Mama, ki yi haƙuri. In an koro ni, ku yi mini dariya har shekara."

Ta fice. Tana tsayar da tasi ta ga Mama a bayanta, mayafi a karkace, tana mita.

Sha ɗaya saura kwata aka ɗaura mata ruwan maganin. Wajen sha biyu mara ta murɗa, kafin ƙarfe ɗaya Auta ta riƙe ƙarfen gado. Nas ta yi wa Mama bayanin awa huɗun a tsanake. Mama ta dubi agogon bango, ta ƙirga da yatsu. Can ta sunkuya kan cikin.

"Kai angona, saurin me kake? Ina nan, ba wanda zai ƙwace maka ni. Dakata."

"Ba a riƙe haihuwa, Mama," in ji nas tana murmushi. "In ya taho ya taho."

Biyu da kwata ya faɗo, namiji, da kukansa. Saura rabin awa a cika awa huɗun.

"Abin da ya shiga bai tafi a banza ba," in ji nas. "Amma za mu riƙe shi kwana biyu, mu lura da numfashinsa da zafin jikinsa."

Mama ta ƙi komawa gida. Ta ja kujerar roba gefen gadon jaririn, duk motsin da ya yi sai ta miƙe. Da maigidan ya iso ya tambayi abin da ya hana su zuwa asibiti da wuri, Auta ta ce cunkoso ne a hanya.

"Ba cunkoso ba ne," in ji Mama, ba ta ɗago ba. "Ni na ce ta yi wanka."

Ranar Alhamis likita ya auna yaron, ya saurari ƙirjinsa, ya ce lafiyarsa ƙalau, su tafi gida. Mama ta sa ya maimaita, sannan ta yarda aka naɗe shi.