Bangon da Ya Ƙi Fenti

Fentin ya fara zamewa tun kafin Eduvina ta sauko daga tsani. Ruwan ɗorawar da aka shafa da safe ya kumbura, ya tattare, yana sulalowa daga katako yana ɗiga cikin taɓo. Ta dangwala yatsa. Fentin ya biyo yatsan gaba ɗaya, ƙarƙashinsa baƙi ƙirin.

A bayanta kuma teku ta fara dawowa.

Gidan a kan dirkoki yake, kamar duk gidajen layinsu a garin Castro na bakin teku, bangon baya na fuskantar ruwa. Ba a isa gare shi sai teku ta janye an kafa tsani a laka. Bayan bangon nan gadon mahaifiyarta yake, kuma bara ruwa ya ratsa katakon har tsohuwar ta kwanta da tari. Wani kafinta ya ce in bangon ya ƙara shan damina ɗaya babu fenti, sai dai itacen girki. Shi ya sa Eduvina ta kira gayya, ta yanka ragonta ɗaya tilo, ta binne shi a ramin duwatsu masu zafi tare da dankali. Maƙwabta sun yi aiki, sun ci, sun kora da giyar tuffa. Rediyo ta ce daga gobe ruwa ne ba ƙaƙƙautawa.

Wani da ake kira Don Baldovino, tsohon masunci na gidan kusa, ya kutso cikin laka yana riƙe da wando. Ya goga hannu a bangon, ya shinshina.

"Baƙin mai ne, 'yata. Na inji. Ko Paparoma ya riƙe buroshi, fenti ba zai zauna a kansa ba."

Kowa ya juya ya kalli Nolberto, ƙanenta, wanda ke aiki a garejin kwale-kwale. Yana kan baranda da ƙashin rago a hannu. Bai ko musa ba. Ya ce lokacin da ta kai Inna asibiti ne ya ga katakon ya bushe ya yi fari, ya tausaya masa, ya shafe shi da man. Ai kowa na shafa wa dirkokinsa, kuma ba ya jin an taɓa kuka da shi.

"Dirka na ce maka zan yi wa fenti?" in ji Eduvina.

"Yaya, taimako na yi."

"Ka ga rana ta cinye baƙin man har ba a ganinsa, ka ga ana shafa fenti tun safe, bakinka na ina?"

"Yana cikin rago," wani ya amsa daga bayan tsani.

Aka yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta raba musu wuƙaƙe da ƙarafan kankara, ta ce a kankare har a kai ga farin katako, akwai sauran fenti bokiti guda. Suka hau. Amma man ya shige ciki sosai, katakon kuma ya tsufa. In an kankare a hankali, baƙi ya biyo baƙi. In an danna, falle ya ɓalle ya bar rami. Ruwa ya kai idon sawu, ya kai gwiwa. Mutane suka fara tunawa da kwale-kwalensu da ba su ɗaure ba.

Ta roƙe su su dawo jibi in an samu sarari. Don Baldovino ya sosa ƙeya, ya ce ta san yadda gayya take, ba a kiran mutane a kan tukunya fanko.

Ta fizge bokitin ƙarshe ta hau da kanta, ko gefen tagar Inna ta rufe. Tsohuwar ta leƙo, lulluɓe da bargo.

"Eduvina, wai an gama? Ni na ce shuɗi nake so, ba a ji ba."

"Koma ciki, Inna."

Ƙafar tsanin ta nutse a laka. Eduvina ta cafki tagar, bokitin ya kuɓuce. Tana rataye tana kallon fentin ya bazu a kan ruwa, igiyar ruwa ta ɗauke shi ta yi cikin mashigin teku da shi. Nolberto ne ya jawo ta ciki ta tagar, ta ture hannunsa tun kafin ta miƙe.

Yayyafi bai jira gobe ba. Ta ja gadon Inna zuwa kicin, kusa da murhu, ta dawo ta tsaya tana kallon danshi na fitowa ta ramukan da suka yi da hannunsu. Bangon ya fi yadda yake da safe lalacewa.

Sai ta ji inji ya mutu a ƙarƙashin baranda. Wani mutum ne da ba ta taɓa gani ba, cikin rigar ruwa, tsaye a kwale-kwale. Ya ɗaga doguwar igiya cike da katantanwar teku irin ta kiwo, duk ta rine ruwan ɗorawa. Ya dubi igiyar, ya dubi bangon.

"Baiwar Allah," ya ce, "wa ke da gidan nan? Maigidana na tafe a baya, gara ku fara magana da ni."