Karatu a Zauren Malam Uwaisu

Malam Nata'ala malamin Hausa ne a wata kwalejin horar da malamai a Kano, amma ba aji ne ya fito da sunansa ba. Tun zamanin tsuke bakin aljihu, da albashi ya daina kai mutum tsakiyar wata, ya fara rubuta littattafan labari, abin kuma ya karɓe shi. In ya je gida Getso, mahaifinsa Malam Uwaisu ya tambaya, sai ya ce littattafan tarbiyya ne. Tsohon bai san boko ba, ga ido ya tafi, sai ya yi ta sa albarka.

Da Shari'a ta zo, kowa ya zama mai wa'azi, har waɗanda alwalarsu ma sai an duba. Wani mai neman suna ya je ya tsegunta wa tsohon cewa ɗansa labaran soyayya yake sayar wa matan aure. Aka aika wa Nata'ala ya zo da littafinsa.

Ya hau motar Gwarzo. Tsoronsa ɗaya ne, kada uban ya ce ya ajiye alƙalami, don in ya faɗa, magana ta ƙare. Saboda haka ya zaɓi littafin da babu soyayya a cikinsa ko kaɗan, yana ganin ya yi dabara.

Bayan doguwar gaisuwa, Malam Uwaisu bai yi faɗa ba. A gidansu ba a yanke wa littafi hukunci da jita-jita. Ɗalibi ne ke durƙusawa ya biya, malam na saurare. Tsohon ya ce wannan littafin ma haka za a yi masa.

Nata'ala, da furfurarsa, ya naɗe ƙafa a tabarma ya fara. Bai yi nisa ba ya gane ɓarnar da ya yi wa kansa. Labarin wata mai daddawa ne, wadda take takawa har Kutama da tallarta don ta ciyar da gida, mijinta malami yana zaure da littattafansa. Marigayiya Gwamma ce, mahaifiyarsa, suna kawai ya sauya. Ya so ya tsallake wasu wurare, amma wanda ya tsufa yana sauraron ɗalibai ba a yi masa tsallake. Malam Uwaisu ya ce a koma baya.

Har aka kai inda matar ta kwanta ciwo. Tsohon ya ɗaga hannu.

"Wannan malamin," in ji shi, "kafin ta rasu, ya taɓa ce mata sannu da ƙoƙari?"

Nata'ala ya ji tausayin ubansa, ya kuma ji tsoronsa. Ƙarya ɗaya za ta fitar da shi, amma bakinsa ya ƙi.

"Bai taɓa ba, Baba."

Malam Uwaisu ya daɗe yana shafa gefen buzunsa.

"Ya so ya faɗa. Kullum cewa yake sai gobe," ya ce a hankali. "In za a sake bugawa, ka sa wannan a ciki."