Zobba a Sararin Gaya

A duk unguwar da ke bayan tashar kamiyoyin dakon kaya ta Gaya, mutum ɗaya ne ke cewa alhamdu lillahi in an ɗauke wutar kuran, wato Malam Na'Allah, tsohon malamin lakwal, makarantar boko. Tun da ya ajiye alli yake kafa madubin hangen nesa a bayan gida, tsakanin turken awaki da randa, ya ɗaura masa aparai na ɗaukar hoto, yana farautar wani gajimaren haske da ke ƙarƙashin taurari ukun nan masu jere. Ido ba ya ganinsa sai ɗis. Sai an ɗauki hoto ɗari biyu ko uku, an ɗora su bisa juna a ordinata, wato kwamfuta, sannan jan launinsa ke fitowa. Shekara shida yana fama, bai taɓa samun wanda ya kwanta masa a rai ba.

Bana kuwa abu biyu suka taso shi gaba. Likita a Doso ya ce jijiyar idonsa ce ke mutuwa, kafin damina sai yadda Allah ya yi. Sannan meri, wato hukumar gari, ta dasa fitila mai aiki da rana daf da katangarsa, wadda ba ruwanta da ɗaukewar kuran. Abin haushi, matarsa Hasiya ce ta ja matan unguwa, suka yi ta sintiri shekara biyu har aka kafa ta.

Tun daga nan Malam ya rage cin abinci. Ita ko ta san mijinta sarai. Ta bi gida-gida tana roƙon a bari a rufe fitilar, ta sha baƙar magana har ta ƙoshi.

"Malam," ta ce da ta dawo, "mai unguwa ya ba mu dare ɗaya tak. Maƙwabcinmu Jibo zai hau tsani ya rufe ta da buhu. Don Allah kada ka ce in koma, fuskata ta ƙare."

"Ɗaya ya isa," in ji shi.

Dole ma ya isa. Wata ya ɓata, sama garau, kuma in wannan duhun ya wuce, taurarin za su gangara yamma sai baɗi. Shi kuwa ya san ba shi da baɗi.

Bayan lisha buhu ya hau fitila, unguwa ta yi baƙi ƙirin. Malam ya laluba ya kama ɗan mariƙin da ake murɗawa don hoto ya fito tangaran. Ya murɗa gaba, ya murɗa baya. Ɗigon hasken da ke gilashin aparai sai iyo suke yi masa cikin hazo. Hasiya na zaune a tabarma, taku uku daga inda yake, da idanunta lafiya lau. Ya ce ta zo ta duba masa? Ina! Mutumin da ya shekara talatin yana gyara wa yara rubutu? Ya tsaya inda hannunsa ya ce masa nan ne, ya danna. Aparai ya yi ta ƙas-ƙas har taurarin suka faɗi can cikin dare, daga nesa kamiyoyi na gurnani a kan gadar Malanbil.

Da hantsi, Jibo ya sauke buhunsa, ordinata kuma ta gama haɗa hotunan. Malam ya kai fuskarsa har hancinsa na taɓa gilashi. Ja-ja ne dai, dishi-dishi, kamar yadda komai ya koma masa yanzu.

"Hasiya, zo ki gaya mini abin da kika gani."

Ta goge hannu a zani, ta leƙa, sai ta dafe ƙirji.

"Kai, Malam! Tabarkalla! Ashe haka suke? Ni da nake zaton ɗigo-ɗigo ne. Ga su nan manya-manya, kowane da rami a tsakiya, sai ka ce zobban azurfa an zube a faranti!"

Malam ya ja baya daga gilashin. Ya san abin da zobba ke nufi: bai murɗa daidai ba, hoto ɗari uku duk sun tashi a banza.

"An dace ko?" ta tambaya, cike da murna. "Wahalata ba ta faɗi ƙasa ba?"

"An dace," ya ce. "Haka suke."

"To, a kai a wanke mana shi babba, mu rataye a ɗaki. Masu cewa ka zautu su zo su gani."

Malam ya laluba ya rufe bakin madubin, ya ja tsumma ya lulluɓe shi.

"A rataye," ya ce. "Ai ke za ki riƙa gani."