Doki Ya Ɓaci

Amaechi, mai shagon kayan gyaran mota a Sabon Garin Zariya, mutum ne mai tambayar tsiya. Haifaffen unguwar Muchia ne, Hausar bakinsa kuma ta gareji ce, irin wadda ake koya a ƙarƙashin mota. A duniyarsa kowane abu yana da dalili, kowace matsala kuma tana da abin da ake canzawa ta wuce.

Wata Asabar ya kai wa wani kwastoma kaya a Samaru, a hanyar dawowa ya hangi taro a wani fili bayan gari, bakin fadama. Mahaya ne ke sukuwa, amma ba sukuwar da ya saba gani ba. Sun jera shingen kara da guntuwar katangar laka da wani rami mai faɗi, dawakai suna zuwa a guje suna tsallakewa. Wani baƙin doki ya taso, ya naɗe ƙafafunsa, ya wuce saman katangar. Amaechi ya ji wani abu ya tsarga masa tun daga ƙafa har ƙeya. Ranar sai yamma lis ya koma shago.

Sunan dokin Walƙiya. Mai shi kuwa Baba Sebastian ne, tsohon ma'aikacin kula da lafiyar dabbobi, mutumin Wusasa, siriri, mai furfura, wanda har yanzu shi ke hawan abinsa. Tun daga ranar Amaechi ya mayar da gidan Baba wurin zuwansa duk Asabar, da ledar karas a hannu. Matar Amaechi, Christabel, har tsiya take masa, wai ko gidan surukansa bai taɓa yi wa irin wannan sintirin ba.

Abin da ya ɗaure masa kai shi ne Baba kansa. Mutumin nan sai dokin ya ci harawa da dusa kafin shi ya karya. Yana tsefe masa geza, yana duba kofatonsa ɗaya bayan ɗaya, yana masa magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin jika. Sannan gari ya waye ya ɗaura masa sirdi ya nufi rami da shi a guje. Amaechi ya juya lissafin nan ta kowane gefe, ya ƙi fita. Ya tambaya, ya sake tambaya. Baba ya taɓa kwance dokin a filin ba linzami, Walƙiya ya zaga ya zaga, ya je ya tsallake shingen shi kaɗai, ya dawo yana haniniya. Amaechi ya ce ai koya masa aka yi. Baba ya yi dariya ya ce haka ne, shi ma bai ce amsar ta cika ba.

Rannan dai Amaechi ya matsa, ya ce to hatsarin fa. Baba ya kalli turke ya ce, "Dawakina biyu sun ɓaci a filin nan."

Sai Amaechi ya ji hankalinsa ya kwanta. Ai wannan yarensa ne. A Zariya ma ba a bambanta mace da namiji a magana, kullum a shagonsa abin da yake ji ke nan, mota ya ɓaci, inji ya ɓaci. Abu ya ɓaci, a kai wa mai gyara, ya tashi. Ga shi kuwa mai dokin likita ne da kansa. Daga ranar ya zama babban ɗan goyon bayan tsallake, shi ne mai tsayawa daf da rami yana kaɗa hula.

Da kaka ta yi, mahayan suka shirya babbar sukuwa, suka ƙara wa katangar tsawo. Baba ya shiga wasi-wasi. Ya ce Walƙiya ya fara manyanta, ƙafarsa ta gaba kuma ba ta yi masa yadda yake so. Amaechi, da ya riga ya cika wa duk layin shagonsu baki, ya ƙi jin wannan.

"Haba Baba, sa shi mana. In ma ya ɓaci, ba kana nan ba?"

Baba ya ɗago ya dube shi, kallo mai tsawo. Ya ce, "Kai dai zuciyarka da ƙarfi take, ɗan Sabon Gari." Amaechi ya ɗauka yabo ne, har ya ji daɗi.

Ranar sukuwar, sai kaya suka iso wa Amaechi daga kudu, motar ta tare hanya, dole ya tsaya a sauke. Yana cikin haushin hakan wayarsa ta yi ƙara. Baba ne. Ya ce Walƙiya ya ɓaci, ya kashe wayar.

Amaechi bai ruɗe ba, mutumin aiki ne. Ya sayi bandeji da man zafi, ya ƙara da karas don lallashi, ya ɗauko hayar a-kori-kura saboda ya san abin da ya ɓaci a hanya janyo shi ake yi. Duk tsawon hanyar Samaru tunaninsa ɗaya, yaya ake ɗaure ƙafar doki, kuma wata nawa take yi kafin ta kama.

Ya tarar taro ya watse. A gindin wata ɗorawa an lulluɓe wani abu babba da tamfol, kofato ɗaya ya leƙo. Can gefe mutane suna haƙa rami da diga. Baba yana zaune a ƙasa, hannunsa rataye a wuya da rawanin wani, linzamin a cinyarsa.

Amaechi ya tsaya da ledarsa. Ya dubi tamfol, ya dubi masu haƙa. Da ƙyar ya ce, "Baba, ai ka ce ɓaci ya yi."

Baba ya kalli bandejin, ya kalli motar da ke jira, sai a lokacin ya gane. Ya rufe ido. Ya ce masu doki ba sa cewa doki ya mutu. Kaza ce ke mutuwa, da akuya. Doki sai dai a ce ya ɓaci, don bakin mai shi ba ya iya ɗaukar ɗaya kalmar.

Amaechi ya zauna kusa da shi. Ya tuna dawakai biyun nan da ya yi wa gyaɗa kai. Ya tuna maganarsa ta rannan, kunya da baƙin ciki suka rufe shi. Ya ce shi ne ya sa.

"Kai ba ka san kalmar ba," in ji Baba. "Ni na santa sarai lokacin da na ɗaura sirdin."

Amaechi ya tambaya ko zai sake shiga filin nan da wani dokin. Baba ya ce zai sake. Amaechi ya laluba ransa yana neman fushi, ya san ya kamata ya same shi. Abin da ya samu wata tambaya ce, wadda ta ba shi kunya, ya danne ta, ta ƙi dannuwa.

"Kafin ramin," ya ce a hankali, "katangar nan da aka ƙara wa tsawo, ya tsallake?"

Fuskar tsohon ta buɗe, hawaye na bin furfurar gemunsa.

"Kamar ba a gina ta ba. Da ka gani."

Amaechi ya ji abin nan ya sake tsarga masa daga ƙafa har ƙeya, daidai irin na ranar farko. Ya ajiye ledar karas a tsakaninsu, ya tashi ya karɓi digar daga hannun mai haƙa.