Fangalin Iri na Ya Kaltume

Ya Kaltume ta ɗaga ganyen albasar da yatsa biyu, ta juya shi wajen rana. Tabon yana nan, dogo kamar ƙwayar shinkafa, gefensa ruwan ɗorawa, tsakiyarsa ja mai duhu kamar inda aka tofar da goro ya bushe. Shekaranjiya a ganye uku ta gan shi. Yau ta daina ƙirga tun kafin ta kai tsakiyar fangalin.

Lambun yana fadamar bayan unguwar Bako, inda ƙasa take gangarawa zuwa tafki. Mijinta Deribe ne ya share wurin shekarar da aka samu 'yancin kai, da irin albasar da ya ƙullo a tsumma daga Borno. Da ya rasu, mutane sun zaci za ta sayar ta koma gida. Sai ta ɗaura ɗamara ta kama jigo da kanta. Shekara shida ke nan tana noma fangali ashirin da biyu, huɗu na bakin ruwa kuma ba na ci ba ne, na iri ne. Su ne yanzu suka fid da kara, kowane kara da farin fure a kansa kamar hular jariri. Saura mako uku irin ya nuna.

Bana yanayin ya zo da wani hali. Sanyi ya tafi da wuri, raɓa kuma tana kwana a kan ganye har hantsi, ga wani yayyafi da aka yi makon jiya ba lokacinsa ba. Ta barbaɗa toka sau biyu, abin bai tsaya ba.

Maƙwabcinta Bappayo, wani Bafulatanin Yola da ya bar kiwo ya kama lambu shekara biyu da suka wuce, yana can yana watsa wa tasa albasar ruwa da ƙwarya. Ta kira shi bakin iyaka ta nuna masa ganyen, ta ce kada ya taka cikin nata yau, kada kuma ya bari akuyarsa ta ratsa. Shi dai ya ce ta ƙara haƙuri kwana biyu, wataƙila rana ta ƙone abin. Ba ta yi masa musu ba. Ta tsinki ganye biyar da kara ɗaya, ta naɗe su a tsumma ta ƙulle sosai, ta wanke hannu da ƙafa a bakin kwata, ta kama hanyar tasha.

Motar Jimeta ta cika da mata masu ƙoren nono da wasu 'yan ofis da suka makara. An ba ta gefen benci. Wata mata da ke kusa da ita ta ji warin albasa ta tambaya ko ta sayarwa ce. Ya Kaltume ta ce marar lafiya ce za ta kai asibiti, matar ta yi dariya, ita ba ta yi ba.

Ofishin gona ɗaki biyu ne da baranda. Wata mai buga tafireta, wadda ta ce sunanta Fibi, ta gaya mata malamin gona yana sito, ta ba ta kujera da kofin ruwa. Ba a jima ba ya shigo, dogo, baƙi, da gajeren wandon kaki da biro biyu a aljihu. Sunansa Zadok, mutumin Numan ne, shekara uku ke nan da aka turo shi. Ya gaishe ta da Mama, ya kwance ƙullin a kan tebur, fuskarsa ta canja.

Ya yi mata tambayoyi, ita kuma ta ba shi amsa ba tare da ta tsaya tunani ba. Ta gaya masa ranar da ta fara gani, da fangalin da ya fara, da cewa tsofaffin ganye na ƙasa abin ya fara kamawa, da cewa ya fi yawa a inda inuwar giginya take hana raɓa bushewa. Ta ƙara da cewa shekara uku a jere tana dasa albasar iri a wuri ɗaya saboda kusa da ruwa, kuma tana jin laifin nan nata ne. Zadok ya ajiye biron da yake rubutu da shi ya dube ta. Ya ɗauko wani littafi mai hotuna ya buɗe, ta sa yatsa a kan hoton tun bai nuna mata ba.

Ya ce wani irin funfuna ne, ɗan'uwan wanda yake fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu. Yana da ƙwayoyi da ido ba ya gani, iska tana ɗaukarsu, ruwa yana fantsama su daga ganye zuwa ganye, kuma jiƙaƙƙen ganye suke so. Akwai maganin feshi, amma ba ya warkar da ganyen da ya riga ya kamu, mai lafiya yake karewa. Sannan ya sosa ƙeya. Ya ce gwangwani ɗaya ya rage a sito, wanda aka ajiye don nuna wa manoma yadda ake feshi. Sauran daga Maiduguri ake turowa, kuma ba ya sa ran zuwansu kafin damina.

“Gwangwanin nan zai ishi fangali nawa?” in ji ta.

“Goma sha biyu, Mama, in an fesa sau biyu. Sau ɗaya ba ya amfani.”

Ta gyaɗa kai kamar mai ajiye lissafin a wani wuri. Ya ce zai zo ya gani da idonsa, ya yi mata tayin bayan babur. Ta ce shekarunta sun wuce haka, ya yi gaba, za ta same shi.

Ta iso bayan azahar ta tarar ya riga ya zagaye lambun, famfon feshi na goyo yana jingine jikin giginya. Bai ɓoye mata komai ba. Fangali huɗu na iri sun kamu sosai. Ya nuna mata inda tabon ya zagaye kara kamar zobe, ya taɓa ɗaya da ɗan yatsa, karan ya karye, furen ya faɗi ƙasa. Ya ce yawancinsu haka za su yi kafin mako uku, wanda ya tsira ma irinsa na iya ɗaukar cutar zuwa baɗi. Fangali shida na gaba sun kamu rabi da rabi. Sauran goma sha biyun tabo ɗai-ɗai ne, su ne yake ganin a fesa wa. Na Bappayo kuwa bai ga ko tabo ɗaya ba tukuna, sai dai iskar tafkin daga nata take bi ta kan nasa.

Ya so ya ƙara cewa ana iya barin fangali ɗaya na iri a gwada sa'a, don ya ga yadda take kallon furannin. Amma kafin ya haɗa maganar, ta riga ta cire mayafinta ta rataye a reshe. Ta shiga fangalin farko, ta sunkuya, ta kama kara daga gindi ta tumɓuke shi har da albasarsa. Ta kwantar da shi a hankali a kan tsohon buhu, don kada ƙurar cutar ta tashi, ta kama na biyu.

Ba ta yi sauri ba, ba ta kuma tsaya ba. Zadok ya tsaya da hannu a aljihu na ɗan lokaci, sai ya ji kunya, ya cire agogonsa ya shiga ɗaya gefen. Ta gyara masa riƙo sau ɗaya, ta ce ya daina kakkaɓe ƙasar jikin saiwar, ya sa komai a buhun. Bappayo ya zo bakin iyaka ya tsaya. Ya ce, “Adda, iri ne fa,” da murya ƙasa-ƙasa, yana kiranta yaya da Fillanci. Ta ce ta sani, ta roƙe shi ya haƙa mata rami can gefen da iska ba ta bi ta kan lambun kowa, ya kuma kawo karan dawa busasshe, don ɗanyen ganye ba ya cin wuta shi kaɗai.

Sun kusan awa biyu. Da aka cinna wutar, hayaƙin ya fito fari mai kauri, da yajin albasa, duk ukun idanunsu suka kawo ruwa, babu wanda ya dubi wani. Ta jira har wutar ta lafa, ta sa aka rufe ramin da ƙasa. Daga nan ta bi fangali shidan da wuƙa, tana yanke duk ganyen da ke da tabo, tana zare albasa ɗaya tsakanin biyu a inda suka yi cunkoso don iska ta samu hanya.

Ta yi la'asar a kan buhu ƙarƙashin giginya. Lokacin iska ta kwanta, Zadok ya auna garin maganin ya dama a bokiti, ya tace cikin famfon, ya ɗaura hankici a hanci. Ya goya famfon ya nufi fangalinta goma sha biyu. Ta kira shi daga inda take zaune.

“Ba can ba, Malam. Na Bappayo za ka fesa.”

Ya tsaya, ya sauke hankicin. Ya ce ita ce ta je har Jimeta, sunanta ya rubuta a takarda, kuma ta riga ta yi asarar da ta isa na yini ɗaya. Ya ce alheri yana da kyau, amma ita ma tana da bakin ciyarwa.

Ta bar shi ya gama. Sannan ta yi masa bayani kamar yadda ake yi wa wanda ake girmamawa. Albasarta ta riga ta yi kai, in yana so ya tona ya gani. Daga yau za ta yanke mata ruwa, ta riƙa bi kowace safiya tana cire ganyen da ya kamu, bayan kwana goma ta tone ta. Ba za ta kai girman ta bara ba, ba kuma za ta yi ajiya ba, amma za ta ciyu, za ta kuma sayu a kasuwar Jimeta. Ta Bappayo an dasa ta a makare, saura mata wata ɗaya da rabi a ƙasa. In cutar ta shige ta yanzu, ko lawashin miya ba zai samu ba.

Zadok ya durƙusa ya tona gindin albasarta ɗaya da yatsa. Kan ya kai dunƙulen hannun yaro, bawon ya fara ja. Ya mayar da ƙasar ya miƙe.

Bappayo ne ya ƙi. Ya ce ba zai iya kallon mutanen Bako ba in aka ji cewa matar da ba ta da miji ta ƙone irinta, shi kuma ya sha maganinta. Yana magana yana haɗawa da Fillanci, kamar yadda yake yi in ransa ya ɓaci.

“Bappayo, irin wa ka shuka bana?”

“Naki, Adda.”

“To, a duk fadamar nan, a lambunka kaɗai albasar Deribe ta rage da lafiya. Ba kai nake yi wa ba.”

Ta gindaya masa sharuɗɗa a gaban malamin gona. Daga gobe ya ajiye ƙwaryar watsa ruwa, ya riƙa sako ruwa ta kwata yana bin gindi. Ban ruwa da safe ne, ba da yamma ba, don ganye ya kwana a bushe. Ya cire ciyawar da ta cika masa gefen fangali. In ya ga tabo ko ɗaya, ya yanke ganyen ya kai rami, kada ya yar a hanya. Baɗi kuma babu mai dasa albasa a bakin ruwan nan, ita ko shi, sai dai masara. Zadok ya fito da ɗan littafinsa ya rubuta, ya tambaye ta ko wani malami ya taɓa zuwa ya koya musu wannan. Ta ce a'a, shekara goma sha biyu dai tana kallon abin da yake kashe ganye da abin da yake barinsa.

Ya ɗaura hankicin ya tsallaka iyaka. Ƙarar famfon ta riƙa tashi a hankali, yana tafiya da baya yana bin layi, maganin yana sauka a kan koren ganyen kamar hazon safiya. Ya gama rana ta yi ja. Ya wanke famfon nesa da tafki, ya ce zai dawo ranar Laraba ta sama don feshi na biyu, ya kuma roƙi izini ya zo da manoman Yolde Pate su ji daga bakinta. Ta ce ya kawo su da safe, da yamma tana da aiki.

Bayan ƙarar babur ɗinsa ta ɓace, ta sake wanke hannu da ƙafa, ta tsinto ƙirare ta kakkarya su gajeru. Ta shiga lambun Bappayo ba tare da ta nemi izini ba, tana bin layi tana duba wuyan kowace albasa. Wadda ta ga wuyanta siriri, ganyenta a miƙe, sai ta kafa ƙirare a gindinta, alamar ba ta sayarwa ba ce, ta dashen iri ce. Ta kafa talatin, ƙiraren suka ƙare, ta miƙe tana dafe da ƙugu.

Bappayo yana tsaye yana kallonta tun ɗazu. Ya juya ya nufi gindin giginya, ya dawo da ƙirare cike da hannu biyu, ya miƙa mata. Ya ce ta ci gaba, akwai sauran haske, kuma layin can na gabas ya fi wannan kyau.